Kwaryar Doya Daga Agyaragu

Ni tela ne. Shekara tara ke nan da na zo Lafia daga garinmu can arewa, inda gero da dawa su ne abinci, doya kuwa sai ranar da babbar mota ta kawo ta kasuwa ake ganinta. Ina da ƙaramin shago a bakin hanyar Azuba, muna kuma hayar ɗaki biyu a wani gida da ke bayan shagon, ni da matata da 'ya'yanmu huɗu. Karatuna bai wuce firamare ba. Abin da zan faɗa a nan laifina ne ni kaɗai, ba na so a ɗora wa wanda ya sayar mini ko wanda ya ba ni shawara.

Shekarar da kuɗin mai ya tashi, komai ya bi bayansa. Mudun shinkafar da nake saye ba tare da na tambayi kuɗi ba, sai ya zama ina tsayawa gefe in ji abin da aka ce wa wani tukuna, don kada in tambaya in kasa saye a gaban mutane. Muka mayar da shinkafa ta ranar Juma'a. Nama ya koma ganda, ganda ta koma kan busasshen kifi. Magi ɗaya na ce matata ta riƙa raba shi biyu da wuƙa, ta cike da daddawa. Manja da murfin kwalba ake zuba shi. Shayin safe muka cire masa madara, daga baya muka cire shayin ma, aka koma koko. Gishiri ne kaɗai ban taɓa ba, shi ma don wata mata ce 'yar Keana da nake yi wa ɗinki take kawo mana.

Duk da haka tukunya ba ta daina tambaya ba. Ina kan keke ina ɗinki, zuciyata tana kicin. Har leƙa tukunya na fara yi idan matata ta juya baya, abin da mahaifina bai taɓa yi ba, kuma na san abin kunya ne ga magidanci. Idan na ga ƙanzo a gindin tukunya sai raina ya ɓaci, in ce an cika wuta. Idan yaro ya bar loma biyu a kwano sai in tsare shi har ya cinye, daga baya kuma in zauna ina tuhumar kaina ko na zalunce shi.

Wata rana wani ma'aikacin gwamnati ya zo karɓar kaftaninsa, ya tarar matata ta aiko a sayo doya guda ɗaya a shagon kusa da mu. Ya tambayi nawa aka sayar, aka gaya masa. Ya girgiza kai.

"Tela, ku ne kuke sayen tsada. Wannan sayen na kullum shi ke cinye ku. Kana zaune a ƙasar doya kana sayen ƙwaya ɗaya? Ka je Agyaragu ranar kasuwa ka yi sari, ka huta."

Maganar ta zauna mini. Kwana da kwanaki ina juya ta.

A shagona kuɗi mai kauri sau biyu yake shigowa a ƙarshen shekara: lokacin da aka koma makaranta a watan tara, sai kuma ɗinkin Kirsimeti. Tsakaninsu babu komai sai faci da gyaran zif. A wannan shekarar wata ƙaramar makaranta ta ba ni ɗinkin yunifom, na gama, aka biya ni a dunƙule. Wannan kuɗin shi ne zai riƙe gidan har watan sha biyu, babu wani a bayansa. A ɗaki muna da ragowar masara da za ta kai mu mako uku ko huɗu. Na zauna na auna: idan na sayi kwaryar doya, wato ƙwaya ɗari, muka ajiye ta har masara ta ƙare, sannan muka riƙa cin babba ɗaya kullum, za ta sada mu da Kirsimeti. Na auna, na sake aunawa, ban ga inda ta ɓule ba.

Ranar kasuwa na yi sammako. Ban taɓa ganin doya kamar ta ranar ba, tsibi-tsibi har bakin titi. Na zagaya sau uku kafin na tsaya gaban wani dattijo manomi, don na ga tasa manya ce kuma ya fi kowa sauƙi. Muka yi ciniki. Da ya ga da gaske kwarya guda nake so, sai ya ce, "Na sayarwa ne?"

Na ce, "A'a Baba, ta ci ce."

"Gidanka mutum nawa?"

"Mu shida ne."

Ya dube ni, ya dubi doyar, ya yi dariya. "Ku shida? To, ku ci da sauri. Wannan doyan farko ne."

Na ce ai sabuwar nake so. Na ɗauka zolayata yake yi, irin yadda ake tsokanar Bahaushe da cin tuwo. Na biya shi, na biya mai a-kori-kura, abin da ya rage a aljihuna bai fi na manja da barkono ba. A hanya ina zaune a bayan mota kan doyar, ina jin wani sanyi a raina wanda na daɗe ban ji ba.

Ni ajiyar hatsi na sani. Na tashi na ga mahaifina yana share rumbu tas, ya zuba dawa, ya barbaɗa barkono, ya liƙe bakin da laka yadda ko iska ba za ta shiga ba. Yana cewa abu uku ne abokan gabar abinci: datti da iska da ɓera. Da wannan ilimin na tunkari doya. Na ga duk ƙasa ce a jikinta, na ce ba za a ajiye abin da za mu ci wata uku da datti ba. Na rufe shago kwana biyu. Na jawo baho da soson buhu, na wanke ta ɗaya bayan ɗaya, har sai da fatarta ta yi haske, wata ma ta ɗan saɓule.

Matata tana tsaye a bakin kicin tana kallona. Ita ma 'yar garinmu ce, ta iya dafa doya amma ba ta taɓa ajiye ta ba. Ta ce, "Malam, ni fa duk zuwana kasuwa ban taɓa ganin an wanke doya ba."

Na ce, "'Yan kasuwa sayarwa suke yi, ba su za su ci ba."

"To ko a tambayi Mama?"

Mama maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwa 'yar Tibi da ke ɗakin ƙarshe, wadda ta yi noma shekaru kafin ƙafa ta hana ta. A makon ta tafi ƙauyensu jana'iza. Ko da tana nan ma ban jin zan tambaye ta. Ba na so gidan haya ya san yawan abin da na ajiye, kada a fara aiko yara da kwano in kasa hanawa, in kuma na hana in kasa barci. Wannan ma na sa shi cikin laifina.

Akwai wani ɗan lungu a bayan ɗakinmu, mai ƙofa da ƙaramar taga, inda muke ajiye tarkace. Na share shi, na jera doyar a kan siminti, na barbaɗa garin barkono, na lulluɓe ta da tampol, na danne gefe-gefe da bulo. Tagar na toshe ta da kwali da leda. Na sa kwaɗo a ƙofa, makullin na ɗaura shi a tsintsiyar wandona. Na tara gida na ce babu mai cin doya sai masara ta ƙare.

Yara sun ga doya ɗari ta shigo gidansu, ga shi kullum tuwon masara da miyar kuka, safe ɗumame. Ƙaramar cikinsu takan je ta leƙa ta ramin ƙofa. Sau biyu matata ta roƙe ni.

"Malam, guda ɗaya dai. In yi musu fate su san an sayo."

"Idan aka buɗe yau, gobe ma za a buɗe. Ki bari."

"Doya ce fa, ba kuɗin banki ba."

Ban ba ta ba. Ina ganin kaina mai tsari, ina ganin su ba su san abin da ke gaba ba.

Wajen kwana goma sha takwas wani wari ya fara tasowa ta bayan ɗaki. Na ce ɓera ne ya mutu a silin. Na hau na duba, ban ga komai ba. Na ce to kwata ce, na kwashe kwata. Gaskiya tun a ranar na zargi doyar, amma na ƙi buɗe lungun har kwana biyu, ina gaya wa kaina cewa idan na buɗe iska za ta shiga. Ina sallah ina jin warin. Ina ɗinki allura ta soke ni sau biyu a yini ɗaya.

Rana ta uku da hantsi Mama ta fito tana dogara sanda, ta dawo daga tafiya a daren jiya. Ta tsaya tsakar gida tana shinshina iska, sannan ta aika aka kira ni daga shago.

"Oga tela, mene ne ya mutu a gidan ka?"

Na ce, "Ɓera ne, Mama."

"Ɓera ba ya wari haka. Wannan doya ne. Wa ya ajiye doya?"

Matata ta nuna lungun da haɓa. Na kwance makulli na buɗe ƙofar. Da na ɗaga tampol wani zafi ya bugi fuskata kamar an buɗe tukunyar dambu. Cikin tampol ɗin duk ruwa ne yana ɗiga. Doyar da ke sama ta yi farin gashi, ta ƙasa kuwa ta yi baƙi tana tsiyayar ruwa a kan siminti. Na ɗauki guda, babban yatsana ya nutse a cikinta.

Mama ta leƙa, ta daɗe tana kallo. "Me ya sa jikin shi ya yi fari haka?"

Matata ta ce, "Wanke ta ya yi, Mama. Da soso."

"Da soso." Ta juyo ta dube ni. "Ka yi masa wanka, ka sa masa likkafani, ka rufe shi a rami. Saura salla kawai, oga tela. Ka kira liman."

Matan gidan da suka taru suka yi dariya, ita ma matata ta rufe baki da gefen mayafi, amma idonta ya kawo ruwa. Ni na ajiye doyar da ke hannuna. Abin da ke yawo a kaina shi ne yau goma ga watan goma, masara saura ta kwana huɗu, Kirsimeti kuwa tana can nesa.

Mama ta sa aka kawo mata kujera. Ta ce doya tana numfashi kamar mutum, ƙasar jikinta ita ce rigarta, a inuwa ake jera ta a kan itace inda iska ke wucewa. Ta ɗauki guda ta nuna mini kanta inda aka yanke. Ta ce wannan ta farko ce, wadda ake yankewa tun ganye yana ɗanye a bar kan a ƙasa ya sake yin iri. Ruwa ne a cikinta, ko wanda ya iya ajiya ba ya kai ta wata biyu. Ta ajiya sai ganye ya bushe, wajen watan sha biyu. A nan na tuna dariyar dattijon nan na kasuwa. Ya gaya mini, ni ne ban ji ba.

Muka fito da ita tsakar gida. Mama tana dannawa da yatsa, tana cewa wannan nan, wannan can. Fiye da rabi bola ce kai tsaye. Wajen talatin sun ruɓe ta gefe ɗaya. Guda goma sha biyu ne kawai suka fito da kyan gani. Ta ce su ma ciwon ya shiga, kwana kaɗan ne gare su, in yi maza in kai wa mai suyar doya ta bakin mahaɗa kafin su nuna, in sayi masara da kuɗin.

Na zuba su a buhu na kai. Matar ta juya su, ta yaba, ta faɗi kuɗi mai kyau, har ta fara kwance bakin zaninta. Kuɗin zai sayi masarar mako biyu. Ina tsaye ina ce wa kaina ban yi ƙarya ba, ba ta tambaye ni ba, ita ce ta duba da idonta. Sai na ji bakina yana cewa, "Madam, a cikin waɗanda suka ruɓe na tsamo su. Ki yanka guda ki gani."

Ta tsaya ta dube ni. Ta ɗauki wuƙa ta tsaga guda, ga zane-zanen baƙi a ciki ya fara ratsawa. Ta mayar da bakin zaninta ta ɗaure. Ta ce za ta ɗauki biyar a rabin kuɗi, don ta ga ni mutumin kirki ne. Na karɓa. A hanyar dawowa ban ji daɗin gaskiyar da na faɗa ba, ba zan ɓoye ba. Ina tafe ina cewa da na yi shiru, ina kuma neman gafarar Allah a kan wannan tunanin, haka har gida.

Da na gaya wa Mama sai ta ce, "Kai da wanka, kai da wa'azi. Kawo wuƙa."

Ita ce ta nuna mana abin da za a yi da sauran. A yanke ruɓar a zubar, a fere mai kyan, a yayyanka fale-fale, a tsoma a ruwan zafi, a shanya ta bushe ƙarau, a kai inji a yi gari irin na amala. Yini biyu muna yi, ni da matata da Mama. Hannuwanmu suka yi ta ƙaiƙayi. Ni da nake tsare yaro a kan loma biyu, ni na kwashi doya baho shida na kai bola da kaina, ina sunkuyar da kai kada a gane ni. Ragowar bakwai ɗin nan masu kyan gani na ce a dafa wa yara. Kwana uku suna cin doya safe da rana da yamma, suna murna, ba su san abin da ake ciki ba. Ni ko loma ban ci ba.

Shanya kuma ta zama wani tashin hankalin. Damina ba ta gama tafiya ba, kuma a Lafia ruwan ƙarshe ba ya sallama. Na shimfiɗa tampol ɗin nan a gaban shago, na baje yankakkiyar doya, na jawo keke bakin ƙofa. Ɗinki ɗaya, kallon sama ɗaya. Da na ga gajimare ya haɗu ta gabas sai in tashi in tattare, ya watse in sake bajewa. Akuyoyin unguwa ma suka gane wurin. Ranar Juma'a na tafi masallaci rana tsaka, babu alamar komai, liman yana cikin huɗuba na ji ruwa a kan kwanon rufi. Matata ta fito da gudu amma kafin ta tattare rabi ya jiƙe. Wannan rabin ya yi kore cikin kwana biyu. Na so in kankare in haɗa, na tambayi Mama, ta ce idan ina so in kai yara asibiti in haɗa. Shi ma ya tafi bola.

Abin da ya tsira, da aka niƙa, mudu goma sha ɗaya ne. Doya ɗari ke nan.

Tuwonsa baƙi ne, ga ɗan ɗaci. Ranar farko yara suka zuba masa ido. Matata ta ce, "Ku ci, abincin Yarabawa ne, masu kuɗi ke saye a otal." Suka ci. Ta riƙa haɗa shi da garin rogo don ya yi auki, muka koma cin abinci sau biyu, ni da ita wani lokaci sau ɗaya. Idan an zuba mini sai in ce na ci wani abu a shago. Ita kuma ta ce ta ci a kicin. Kowa ya san ƙarya ɗan'uwansa yake yi, babu mai tonawa. Ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba. Da ta faɗa da na fi samun sauƙi.

Garin ya kai mu tsakiyar watan sha ɗaya. Ranar da ta kakkaɓe buhun, ta zo shago da kanta da rana, abin da ba ta saba yi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta jira wani mai gyaran wando ya fita.

"Malam, na yau ne ya rage. Gobe babu."

"Na ji."

"In kai tukwanen aurena kasuwa?"

Na ce a'a. Yadin Kirsimeti bai fara shigowa ba, sai nan da mako uku. Na dubi shagon. Keke biyu gare ni: wanda nake ɗinki da shi, da keken wibin mai kame bakin yadi, wanda na yi shekara biyu ina tari kafin na saya. Idan babu shi, duk rigar da na ɗinka sai na ɗauka na kai wa wani tela ya yi mini wibin in biya shi, kuma a lokacin Kirsimeti sai ya gama nasa tukuna. Na san haka sarai. Na san ribar Kirsimetin ce zan yanka tun ba ta zo ba, kuma bayan Kirsimeti akwai watan ɗaya da kuɗin makaranta.

Na yi la'asar, na kwance keken wibin daga kan tebur, na goge shi, na ɗora a kan mashin zuwa cikin gari. Wanda ya saya ya gane a matse nake, ya taya yadda ya ga dama, ban iya ja ba. Daga can na wuce kasuwa na auni masara da ɗan wake da kwalbar manja. Mai awon ya ce in ƙara kaɗan ya cika mini rabin buhu, ya fi sauƙi. Na ce masa abin da ke hannuna ke nan.